Ƙunshin Da Bai Motsa Sikeli Ba

Zuwa ga Manajan kamfanin jirgin saman da ya yi jigilar alhazanmu a bana.

Ranka ya daɗe, bayan sallama da gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da ma'aikatanka. Ni tela ne a Dutsin-Ma, ɗaya daga cikin waɗanda jirginku ya kai Jidda ya komo da su. Na biyo ta jarida ne domin wasiƙun da na aika ofishinku na Kano ba a amsa su ba, zuwan da na yi da ƙafata kuma bai yi amfani ba.

Mu biyu muka tashi, ni da ƙanen mahaifina, Baffa Isuhu na Kurfi, wanda ya riƙe ni tun ina maraya. Ni kaɗai na komo. Zazzaɓi ya kama shi bayan mun sauko daga Arfa, ya rasu a Makka, can aka rufe shi. Ba kuka nake a kan wannan ba, Allah ya zaɓar masa makwanci mai kyau. Kafin ya cika, ya zare zobensa na azurfa, ya haɗa da carbinsa da kwallin da ya saya wa matarsa, Inna Hurera, ya ce in sa mata su a hannu da kaina. Na zuba su cikin ɗan gwangwanin shayi, na ɗinke shi da farin ƙyalle, na ɗinka sunanta a kai da baƙin zare. Duk ƙunshin bai wuce dunƙulen hannu ba. A aljihun ƙirjina yake kwana.

Ga ƙorafina.

Na farko, ƙasidarku. Ban yi makarantar boko ba. A ajin manya na koyi karatu, da ƙananan takardun nan na noman auduga da tsabtar rijiya, na kuwa saba cewa abin da aka buga a takarda an duba shi kafin a buga. Ƙasidar da kuka raba mana ta ce kowane kaya, babba ko ƙarami, sai an auna shi, wanda ya ɓoye nauyi kuma ya jefa rayukan 'yan'uwansa cikin haɗari. Ba ta ce komai ba a kan abin da ke cikin aljihu. Ranar komowa an riga an auna adakata an wuce da ita. Ina zaune ina duban tsofaffin da za mu hau tare, sai zuciyata ta ƙi kwanciya. Na tambayi alhazai biyu. Ɗaya ya ce in yi shiru kawai, ɗaya ya ce shi bai iya karatu ba, ni da na karanta ni na sani. Sai na tashi na koma wurin awo.

Na biyu, ma'aikacinku na Jidda. Ya ɗora ƙunshin a kan sikeli, allurar ba ta motsa ba. Ya yi dariya, ya ɗaga shi da yatsu biyu ya nuna wa abokin aikinsa. Na roƙi tafinta ya tambayar mini ko zan iya riƙe shi, tun da ba shi da nauyi, amma tafintan ya juya ga wani. Ma'aikacin ya ɗaura masa tikitin da ya fi shi girma, ya rubuta sifiri a gurbin nauyi, ya yago mini rabi, ya cilla ƙunshin kan amalanke. Da idona na ga ya zurma tsakanin adakun ƙarfe biyu. Ranka ya daɗe, da ya nuna mini aljihuna da yatsa kawai, da ban rubuta wannan wasiƙa ba.

Na uku, ofishinku na Kano. Da muka sauka, na tsaya har aka kwashe kayan kowa, aka share wurin. Daga baya na rufe shago na hau lori na koma. Akawun da na tarar ya dubi rabin tikitina, ya ce diyyar kayan da suka ɓata a kan nauyi ake lissafa ta, kowace laba da kuɗinta, nawa kuwa sifiri aka rubuta, don haka ba abin da za a biya. Na ce masa ba diyya na zo nema ba, a bar ni dai in shiga sito in duba, domin na san ɗinkina ko daga nesa. Ya ce doka ba ta yarda ba, kuma mai hankali ba ya ba da irin wannan abu a sa cikin kaya. Ashe bin takardarku shi ne rashin hankalin?

Na huɗu shi ne mai nauyin. Inna Hurera tana cikin takaba. Ba ta ga gawar mijinta ba, ba kabarin da za a ce mata ga shi nan. Alhazan Kurfi sun riga ni isa, sun gaya mata akwai saƙo a hannuna. Da na shiga ɗakinta na durƙusa, kafin in gama gaisuwa ta miƙo tafin hannunta. Na ce mata saƙon yana hanya. Tun daga ranar, duk Juma'a nakan hau keke in je Kurfi in gaishe ta. Da farko takan ce, "Lawal, jirgin bai sauke shi ba har yanzu?" Yanzu ta daina tambaya. Takan tambayi yarana da yadda gero ya yi a wajenmu, ta sa mini albarka. Ganinta yana raguwa, saboda haka ma Baffa ya saya mata kwallin.

Ina roƙon abu uku. A gyara ƙasidar kafin aikin Hajjin baɗi, a faɗa a sarari abin da mutum zai iya riƙewa a jikinsa, domin irina suna da yawa. A sa mutum mai haƙuri ya duba lungunan cikin jirgi inda ake loda kaya, da ƙarƙashin amalanke, da sitonku na Jidda da na Kano, a kuma tambayi masu shara. Ko an taka gwangwanin ya lotse, a aiko shi haka ta gidan waya na Dutsin-Ma. Idan kuwa kun duba kun tabbata ya ɓata, ku rubuto mini, ko da layi ɗaya ne, in je in durƙusa in gaya mata gaskiya. Takabarta ta kusa cika, ba na so ta fita tana jiran jirgi.

Allah ya tsare jiragenku da duk wanda ya hau su, ya yi maka jagora a aikinka, ya sa ka cika da imani.

Wassalam.

Alhaji Lawal Tela,
Dutsin-Ma.