Bencin Maza Ya Amsa, Yaya Nomau

Zuwa ga yayana Nomau, wanda ya riga mu tafiya gida,

Bayan gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu, ina sanar da kai ƙaninka Tanko yana nan da taurin kansa. Har yau ban iya karatu ba, wannan ma rubuta mini ake yi, amma waƙoƙinka ko ɗaya ba ta zube mini ba.

Ka tuna shekarar 'yancin kai, da muka yi wa majami'armu ta bayan Roni jinka? Mata na buga tulu suna rera waƙa, mu maza mun yi tsit a benci kamar masu zaman makoki. Kowa na gudun a ce manomi ya koma maroƙi.

Kai ka miƙe ka ce, "A gayya wa ya taɓa rufe baki?" Ka jera mu yadda muke jeruwa a gona, kana bayarwa muna amsawa, har jinkar ta ɗauka.

Da kuɗin fetur suka zo, samarinmu suka dawo daga Kano da lasifika da littafin waƙa. Waƙoƙinsu da daɗi, ban musa ba, amma ba su bar wa mutum wurin amshi ba. Bayan rasuwarka bencinmu ya sake mutuwa. Ɗanka Bitrus ma leɓe kawai yake motsawa. Da na gwada bayar da waƙa, Fasto ya ce in haƙura, muryata ta dushe. Na ce masa tare da ita za a binne ni, ba kafin nan ba.

Ranar Asabar Bitrus ya kira gayya. Ban iya sunkuyawa yanzu, sai na tsaya a bakin gona na ba da waƙarka ta Makiyayi. Garma na tashi, amshi na tashi.

Washegari a majami'a na miƙe na bayar da ita. A tsakiyar baiti numfashina ya yanke, Yaya. Na buɗe baki, babu komai. Sai na ji an ɗauke ta daga bayana, da irin karin muryar nan naka. Bitrus ne. Maza suka amsa masa, ni kuwa na zauna.

Ubangiji ya ba ka hutu, ya riƙe bakin ɗanka a buɗe. Ka ajiye mini wuri kusa da kai, ka san ni ɗan amshi ne.

Ƙaninka,
Tanko