An Cire Ni Daga Shirin Bincike Saboda Na Tafi Noman Gero

Zuwa ga Shugaban Sashen Anformatik (Ilimin Kwamfuta),

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri. Sunana Laminu, ɗan ƙauyen Gaffati, ɗalibin shekarar ƙarshe ta lisansi, wato digirin farko. Ina cikin waɗanda aka zaɓa bana domin binciken babban hutu kan ƙa'idojin harsunan shirya manhaja, a hannun Malama Fanna, wadda ke koyar da mu ta bidiyo daga waje. Yanzu an cire ni, kuma da shaidar wannan bincike nake fatan neman gurbin masta, digiri na biyu. Ga hanzarina guda biyu.

Na farko, lokacin shirin. An kwafo shi daga ƙasashen da wannan hutu yake hutu. A wurinmu damina ce, Ranka ya daɗe ya fi ni sani. Ruwa na sauka mahaifina ya kwanta da ciwon ƙafa, ni ne babba, ciyawa kuwa ba ta san da wani bincike ba. Na ɗauki hauya na tafi.

Na biyu, ban bar aikin ba. Abin da aka ba ni shi ne in kawo hujjar cewa duk manhajar da ta bi dokokin wani ɗan ƙaramin harshen kwamfuta ba za ta cije a tsakiyar aiki ba. Wannan aikin takarda da alƙalami ne. Ina yi bayan la'asar, in hau tudun bayan gari inda ake samun rezon waya, in tura mata hoto. Sau da yawa ta maido mini da shi ja wur da gyara, har ranar da ta ce ya tsaya da ƙafarsa.

Da na dawo Zinder, sakataren sashe ya ce ba a ga fuskata a ɗakin kwamfuta da safe ba, doka kuwa doka ce. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na duba waɗanda suka rage, dukansu 'yan cikin gari ne, unguwannin Zango da Birni. Abokaina ne, ba hassada nake ba, amma ba wanda gona ke jira a cikinsu.

Roƙona, a tambayi Malama Fanna, a maido ni. Baɗi kuma a auna ɗan ƙauye da aikinsa, ko a bar masa makonnin noma. Hujjar tana hannunta, gero yana rumbu, ban bar ko ɗaya ya lalace ba. Ni kaɗai aka zubar.

Allah Ya ƙara lafiya, Ya yi riƙo da hannunka. Wassalam.

Ɗalibinka,
Laminu