Yayan Hauwa Ya Shigo Wasanmu

Laraba da dare, Samaru.

Yau na karanta wa 'yan guruf ƙa'idojin wasan labarin da zan ja mana ta waya. Kowa da jaruminsa, ɗan ludo mai lambobi da ake jefawa ke yanke hukunci, ba caca, aljanun ciki ni na ƙirƙira.

Sai ga Yaya Sani, wan ƙawata Hauwa, wai zai buga. Mutumin da ko ludo ya tsana! Tambayarsa ɗaya: "Wa ya koya miki sunayen aljanun nan?" Wallahi Mamarsu ce ta turo shi leƙen asiri.

Yanzu kuma ga saƙonsa: "Ƙanwata, jarumina zai samu doki mai fiffike?"

Na ce sai Asabar, ranar da za mu fara wasan. Ban yarda da shi ba tukuna. Amma dokin kam, na riga na raɗa masa suna.