Ina Zargin Ɗana Da Tona Tsohon Rubutun Yayarsa

Anti Verna, don Allah ki taimake ni da shawara kafin in yanke hukuncin da ba zan iya warwarewa ba. Saura kwana goma sha biyu bikin Godiya, ranar da iyali ke taruwa kowace shekara a ci abinci tare, kuma har yau ban kira ɗana na ce ya zo cin talotalo ba.

Ni mace ce da ta reni 'ya'yanta biyu da tsoron Allah. Shekara talatin da ɗaya na yi ina ware wasiƙu a gidan waya, mijina ya rasu, ban taɓa miƙa wa kowa hannu ba. A gidana ba a ƙarya, ba a buga ƙofa da ƙarfi, ba a zama kan teburin abinci da hula. Iyayen yanzu sun mai da 'ya'yansu abokai, shi ya sa ƙasar ta zama yadda ta zama. Amma ba wannan ya kawo ni ba.

Babbar 'yata Marlene lauya ce. Wata goma sha huɗu ke nan da shugaban ƙasa ya aika sunanta Majalisar Dattawa domin ta zama alƙaliyar kotun tarayya a yankinmu. Ranar da labarin ya zo, cocinmu har tafi aka yi. Daga nan sai shiru. Ɗaya daga cikin sanatocin jiharmu, wanda yake ɗan adawa, ya ƙi mayar da wata shuɗiyar takarda ta amincewa da kwamitin majalisar ke aika wa sanatocin jiha, kuma in bai mayar ba, ko ranar sauraronta ba za a sa ba. Idan Janairu ta yi a haka, zangon majalisa ya ƙare, sunanta zai koma inda ya fito. Yarinyar nan ta rame, masu kawo mata shari'a sun janye saboda suna ganin ta kusa tafiya, ita kuma an ce kada ta yi magana da kowa.

Sai ga wani mai shirin rediyo da safe yana karanta wani rubutu da ta yi a jaridar ɗalibai tana 'yar shekara sha tara, wai a rufe rabin gidajen yarin ƙasar nan. Tun a lokacin na yi mata faɗa, na ce bakin nan naki wata rana zai ja miki. Kwana uku yana maimaita shi yana kwaikwayon muryar mace. Tambayata ita ce, wa ya ba shi? Jaridar nan ta mutu tuntuni. Ni kaɗai na san ina da ita, a cikin gwangwanin biskit a ɗakin sama, tare da takardun baftisma.

Da farko na zargi maƙwabciyata Madam Pruitt. Da jami'an binciken gwamnati suka zo tambayar halin Marlene saboda muƙamin, sai da ta sa hularta ta zuwa coci, ta riƙe su minti arba'in, na duba agogo. Me ake faɗa a minti arba'in in alheri ne? Amma ba ta taɓa hawa benena ba, gwiwa ba ta barinta.

Wanda ya hau shi ne Curtis, ɗan autana. Ki sani, Curtis ya bi waccan jam'iyyar tun da ya yi aure, har allon kamfen ɗin wannan sanatan ya kafa a ƙofar gidansa. Ranar Ista ya ce bari ya gyara mini fankar ɗakin sama. Ya daɗe. Bayan sati biyu aka fara karanta rubutun. Da na je na duba, murfin gwangwanin a karkace yake, ni kuwa ban taɓa rufe abu a karkace ba. Kuma a ranar Istar nan, muna kan tebur, ya ɗaga kofi ya ce wa yayarsa, "Ranki ya daɗe Mai Shari'a mai jiran gado, a miƙo mana burodin masara in majalisa ta amince." Ita ta yi dariya ta ce masa ɗan adawar gidanmu, ta jefe shi da tsumma. Ni ban ga abin dariya ba. Mai iya yin ba'a da ciwon 'yar'uwarsa, me ba zai iya ba?

Ban da shi ba wanda ya taɓa gwangwanin nan, sai ita Marlene bara, lokacin da take cika wani dogon fam da kwamitin majalisar ya ba ta. Ta kwashe takardun ta kai shagon kwafi ta dawo da su. To ai ba za ta cuci kanta ba.

Tun daga lokacin na daina ɗaga wayarsa sai da ƙyar. Ya zo ƙofa ya ce, "Mama, me na yi miki ne?" Na ce ya tambayi lamirinsa. Ban faɗa wa Marlene ba, damuwarta ta ishe ta. Tun rasuwar babansu Curtis ke yanka talotalo da wuƙar marigayin, amma bana ina tunanin bai wa mijin Marlene wuƙar. Kuma na tara mata takwas daga coci, za mu shiga bas mu je ofishin sanatan mu gaya masa gaskiya. Shin na yi daidai?

Uwa Mai Sa Ido

*

Mama, na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma na ji zafin da ke cikinta. Wata goma sha huɗu uwa tana kallon 'yarta a rataye, ba ta yi gaba ba ta yi baya, dole zuciya ta nemi wanda za ta kama. Barkwancin Curtis ma bai zo a kan gaɓa ba, allon ƙofar gidansa kuma ya isa ya sosa miki rai. A nan na ba ki gaskiya.

Amma ki koma ki karanta abin da kika rubuta da hannunki a kan shagon kwafi. Fam ɗin nan da Marlene ta cika yana neman duk wanda aka zaɓa ya miƙa abin da ya taɓa wallafawa, har da na ƙuruciya. Ɓoye shi ne ke kashe mutum. Abin da aka miƙa kuwa, ma'aikatan sanatocin ɓangarorin biyu duk suna karantawa, wasu ma aikinsu ke nan. Ga ɗakin karatun jami'a da yake ajiye tsoffin jaridu. Ba zan rantse miki a kan Curtis ba, don ban san shi ba, amma rubutun nan yana da hanyoyi da dama na isa rediyo waɗanda ba su bi ta benenki ba. Hujjarki murfi ne a karkace, wanda kika duba bayan kin riga kin yanke hukunci. Da an kawo wa Marlene irin wannan ƙara, kin san abin da za ta yi da ita.

Game da shuɗiyar takardar, riƙe ta tsohuwar dabara ce. Kowace jam'iyya tana kuka da ita in tana mulki, tana kuma amfani da ita in ta koma adawa. Sau da yawa cinikin wasu kujeru ake yi, sunan wanda aka zaɓa yana jira a gefe. Wataƙila rubutun ya ba su abin faɗa, amma da wuya a ce shi ya tsayar da komai. Don haka ki sallami matan cocin nan da godiya. An ce Marlene ta yi shiru, hoton mahaifiyarta tana nuna yatsa a ofishin sanata kuwa sati guda za a yi ana yawo da shi.

Ga abin yi. Yau ki kira Marlene ki yi mata tambaya ɗaya: kin sa rubutun nan a cikin abin da kika miƙa? In ta ce e, ki je gidan Curtis da ƙafarki. Kada ki aika masa kek ɗin dankali ki ce ya gane. Ki faɗa masa abin da kika zarge shi da shi, ki ba shi haƙuri da baki. Ke kika ce a gidanki ba a ƙarya, wata bakwai kuwa yaron nan yana tambayar laifinsa ba a gaya masa ba. In ma ta ce a'a, tambayarsa za ki yi ido da ido, ki saurari amsa har ƙarshe.

Ko Marlene za ta hau kujerar nan, ba ni da masaniya, ke ma ba a hannunki yake ba. In Janairu ta zo da labari mara daɗi, za ta buƙaci ƙanen da ke sa ta dariya har ta jefe shi da tsumma. Ki wasa wuƙar babansu ki ajiye ta a gefen farantin Curtis. Allah ya sanyaya zuciyarki, ya sa ku ci talotalonku lafiya.

Anti Verna