Sajan Ya Ɗaga Hannu Har Aka Shafa Fatiha

Zuwa ga Shugaban kwamitin gyaran unguwa da kansilolin da ke zama tare da shi, Zongo, Kwatano.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da aiki, da fatan iyalanku suna lafiya.

Kai mai karanta wannan takarda, ko a ofis ko a waya, ina gargaɗinka tun yanzu: idan kana da ɗa a soja, kada ka ɗauka ranar da ya dawo da rai ita ce ƙarshen kukanka. Ni haka na ɗauka.

A Zongon nan aka haife ni, a nan na yi kwaleji, da hannuna nake wannan rubutu. Ɗana na fari, wanda ba na kiran sunansa, Sajan muke ce masa a gida, ya yi aikin soja cikin masu gina gada da hanya. A arewa motarsu ta taka nakiya. Ya dawo mini da ƙafa ɗaya da sanduna biyu. Na gode wa Allah, ban kai ƙarar kowa ba. Abin da ya sa ni rubutu daban ne.

Na farko. Kafin damina kun kira taro a kan sabuwar kwatar da za a haƙa a layinmu. Sajan ya yi kwana uku yana auna layin da igiya, yana dogara sanda. Ya ce mini, “Inna, yadda suka zana ta, ruwan cikin gidaje zai koma. Bari in je in nuna musu tun ba a zuba siminti ba.” Na wanke masa riga na goge, ya ɗauki takardar da ya rubuta awon a ciki ya tafi.

Na biyu. A taron an ba wakilin 'yan kasuwa magana, an ba na masu zemijan, wato 'yan acaɓa, na mahauta, na mata, na matasa. Kowace ƙungiya da kujerarta. Tsofaffin sojoji ba su da ko ɗaya. Mutane suka yi ta katse juna, wanda ya fi ɗaga murya shi ake saurare. Shi kuwa an koya masa cewa soja ba ya buɗe baki gaban manya sai an ba shi izini. Ya tsaya a bayan ɗaki, ya jingina da bango, ya ɗaga hannu. Haka ya tsaya har aka shafa fatiha. Maƙwabciyata da ta je ta ce ko sau ɗaya bai sauke hannun ba. Ranka ya daɗe, ladabi ne ya rufe masa baki. Ni na fara koya masa shi, bariki ta ƙarasa. Yau ina tambayar kaina ko cutarsa na yi.

Na uku. Ruwan farko mai ƙarfi ya shigo mana har ɗaki, daidai yadda ya faɗa. Wannan mun kwashe. Amma an bar kwatar a buɗe a bakin ƙofarmu, ba murfi. Mai ƙafa biyu tsallakewa yake yi. Ranar wata Juma'a Sajan ya gwada, sandar ta zame, ya faɗa ciki da farar rigarsa, sai da masu wucewa suka ciro shi. Tun ranar bai sake fita ba. A ɗaki yake salla. Bai taɓa cewa “ai na faɗa” ba, da ma zai faɗa in ji sanyi. Takardar tana nan ƙarƙashin matashinsa.

Na huɗu, kuma shi ya fi ci mini rai. Makon jiya kuka aiko masa da gayyata: ya zo da kakinsa da lambobinsa na yabo, ya zauna a sahun gaba ranar bikin buɗe kwatar, don baƙi su gani. Mutumin da ba ku ga hannunsa ba, kun ga lambobinsa. Na shiga ɗaki na same shi yana goge takalminsa, guda ɗayan, saboda an kira shi, shi kuma bai iya ƙin kira ba. Na fito tsakar gida na yi kukan da ban yi ba ranar da aka sauko da shi daga motar asibiti. Wannan ba girmamawa ba ce. Ado kuke so ku yi da shi, kuma Allah zai tambaye ku.

Ga roƙona. A ba tsofaffin sojoji kujera a kwamitinku da duk inda ake shawarar garin nan, su zaɓi mai magana da kansu. Irinsa suna nan a unguwannin Agla da Agontinkon, wasu suna gadin shaguna, cikinsu cike da sanin aiki. Mai jan taro ya riƙa kiran su da suna, don ba za su katse kowa ba. A aiko a karɓi takardar Sajan a karanta. A sa murfi a bakin ƙofarmu ya koma masallaci.

Allah ya yi muku jagora, ya shirya muku zuriya, ya sa kada ku ga ɗanku a yadda nake ganin nawa.

Kakin da lambobin na ninke su na kulle a akwatina, makullin yana wuyana. Na tara 'yan gidan na faɗa musu: babu mai sake sa kakin nan ya fita bikin kowa, sai ranar da aka kira mai shi don a ji ta bakinsa.

Wassalam.

Mahaifiyar Sajan,
Zongo, Kwatano.