Na Samu Aikin Bankin Gummi

Zuwa ga Yaya Sa'a,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina zaman Ikko? Ya maigidanki da yara? Da fatan ƙafar Ummi ta warke. Mu nan Bukkuyum lafiya lau, Inna ma jiki da sauƙi.

Yaya, ran Talata na tafi Gummi ganawar aikin bankin nan, ni kaɗai. Mutum ukku sunka zaunar da ni, sunka yi ta tambaya. Daga ƙarshe manajan ya faɗi albashi, ya ce, "Ya yi miki?"

Da kina nan, da kin koya mini abin cewa. Na daure na ce, "Ranka ya daɗe, bai kai ba. Haya zan kama a nan, ga kuɗin motar zuwa duba Inna. Kuma ina jin Fillanci. Makiyayan da ke zuwa buɗe asusu, ni zan riƙa yi musu bayani."

Sunka dubi juna. Ya ƙara kaɗan, na amsa.

Da na fito, na tsaya bakin titi da takardar ɗaukar aiki a hannu, na rasa wanda zan nuna wa. Na yi ta kiran wayarki, ba ta shiga ba.

Inna ta sa mini albarka, amma tun ranar ba ta cinye tuwonta. Farkon wata zan tashi, gidan ya rage ita kaɗai.

Ki sa mu a addu'a, ki gaishe da kowa. In kin samu hali, ki zo mata ko kwana biyu ne.

Ƙanwarki,
Rabi