Ƙafar Sharhabilu da Birkin Gaba

Bodinga, Jihar Sakkwato.

Zuwa ga Yayana Attahiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Aminatu da yara, da duk mutanenmu da ke nan Agege. Allah ya ƙara rufa asiri, ya sa albarka a nema. Mu nan lafiya. An yi kaka, gero ya yi daidai gwargwado. Na je gida Lambara na kwana biyu. Inna tana nan da ciwon gwiwarta, amma bai hana ta faɗa da awakin maƙwabta ba, ka san ta.

Kada ka yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. In ka bugo gida, ƙaninmu Sharhabilu ne ke karɓe wayar daga hannun Inna ya cika ka da dariya, ya ce komai ya wuce. In kuma ni na kira ka, kuka ke riga ni magana. Shi ya sa na zauna na rubuta, don ka ji abin yadda yake. Sharhabilu zai koma kabu-kabu ranar kasuwar Shagari mai zuwa, kuma ina tsoron gawarsa za a kawo mana.

An ce maka ɗan faɗuwa ya yi da bazara. Ba ɗan faɗuwa ba ne. Ya ɗauko buhunan albasa daga Lambara zai kawo Bodinga, ya hau kwalta yana gudunsa, sai ga saniya ta fito daga gefen hanya. Abin da ya sani ya yi, ya karkata don ya bi ta bayanta, tunda dabba gaba take nufa. Sai dai saniyar mai shayarwa ce. Yaron da ya tashi cikin bisashe, wanda ya fi kowa sanin maraƙi ba ya barin uwarsa, ranar nan ya manta. Yana shiga bayanta maraƙin ya fito a guje. Ya danna birkin ƙafa da ƙarfinsa duka, tayar baya ta kafe ta zame, mashin da albasa suka kwanta a kan ƙafarsa ta dama suka ja shi. Makiyayin ne ya ɗaga masa kayan yana salati. Maraƙin ko ƙwarzane bai samu ba, yana can yana shan nono.

Ƙashi ya ɗoru, maɗori ya yi aikinsa. Amma daga idon sawu zuwa ƙasa ƙafar ba ta jin magana. In yana tafiya jan ta yake, takalmi na fita bai sani ba. Da muka kai shi asibiti a Sakkwato, likita ya ce jijiya ce ta taɓu, kada mu sa rai sosai. Kuma ƙafar nan, Yaya, da ita ake taka birkin baya.

Ni ban san mashin na da birki biyu ba sai da wannan abu ya same mu. Sodangi, makanikin nan na bakin tasha da ke gyara masa, shi ya yi mini bayani da na je ɗauko mashin ɗin. Ya ce akwai na hannu, wanda ke riƙe tayar gaba, kuma shi ne mai tsai da mashin da gaske. Amma 'yan kabu-kabunmu tsoronsa suke, sun ce kifar da mutum yake yi. Da yawansu ranar da suka sayi sabon mashin suke zuwa a sassauta musu wayarsa, har ya zama ko ka matse ba ya kamawa. Sharhabilu ma da kansa ya kai aka sassauta, abokansa na yaba masa wai ya zama ɗan gari. Sodangi ya ce da birkin nan na aiki ranar, ya haɗa shi da na ƙafa tun mashin na miƙe bai karkace ba, wataƙila da albasa kawai za a yi asara. Na ce masa ai da ka faɗa tun farko. Ya ce ya faɗa, dariya suka yi masa, shi kuma ya ɗauko sufana ya sassauta.

Yanzu an ɗaure wayar birkin hannun, don Sharhabilu ba shi da wani birkin sai shi. Sodangi ya koya masa: ya saki mai tukuna, ya matsa a hankali yana ƙarawa kamar mai tatsar saniya, kada ya fizga, kuma idonsa ya kalli inda zai bi, ya bar kallon dabbar. In ka ji Sharhabilu na maimaita wannan karatu a tsakar gida sai ka rantse shi ya ƙera mashin. Ya ce tunkiya in ɗaya ta ƙetare sauran duk za su biyo, akuya takan canza shawara a tsakiyar hanya, jaki kuwa tsayawa yake ya zuba maka ido. Duk ya sani. Bakin nan nasa bai karye ba.

Na roƙe shi ya haƙura. Ya ce in nuna masa wata sana'ar. Gona ba ta nomuwa da ƙafa ɗaya, kuma ya gaji da ganin matarsa Nana Fatima na auna tsaba tana kallon ƙasa don kada su haɗa ido. Ya ce ba zai zauna gindin bishiya 'ya'yansa su saba ganinsa a zaune ba. Ni kuwa ban san wata sana'ar ba.

Ga abin da ya sa na rubuto. Ranar da zan dawo Bodinga, bayan la'asar, na zaga bayan gida zubar da toka, sai na hango shi a gonar da aka girbe yana gwaji shi kaɗai. Na laɓe bayan rumbu. Ya tafi, ya matsa hannu, mashin ya tsaya cak. Ya sake, ya tsaya. Wallahi har zuciyata ta fara sanyi. Sai ga akuyar maƙwabta da ɗanta sun fito daga cikin kara, ba shiri, suka ratsa gabansa. Yaya, da idona na gani. Hannun nan bai motsa ba, yana nan riƙe da mai. Gwiwarsa ce ta zabura ta danna ƙasa, matacciyar ƙafar ta zame daga kan ƙarfen. Akuyar ce ta kauce don kanta, shi kuwa sai cikin tarin kara. Shekara da shekaru ƙafa ke tsai da shi, in tsoro ya zo jikinsa ita yake kira. Ya tashi ya kakkaɓe riga, ya waiga hagu da dama ko wani ya gan shi. Da ya shigo gida ya ce wa Inna hannunsa ya faɗa, ya ƙware sarai. Inna ta ɗaga hannu ta sa masa albarka. Ni ina tsaye da kaskon toka ina kallonsu.

Wannan a gona ne, ba kaya, ba fasinja, ba mota a bayansa. Yanzu kuma kaka ta yi, an saki bisashe suna cin harawa, daga Kajiji har Bodinga ba inda ba sa ƙetare hanya.

Tun rasuwar Baba kai kaɗai yake jin nauyi. Ka kira shi, ba ta wayar Inna ba, ka hana shi. Kada ka ce ni na faɗa maka zancen akuyar, ba zai ƙara kallon idona ba. Ba zan ɓoye maka ba, ban sa rai zai ji ba. Zai ce to Yaya, ya yi maka dariyar nan tasa, ranar kasuwa kuma ya tayar da mashin. Amma ka gwada, ko don mu san mun yi abin da za mu iya. Sauran sai addu'a.

Ka gaida Yaya Aminatu, da Kamal, da 'yata Ilham. Maigidana na gaishe ka, haka Nana Fatima da yara. Inna ma na gaishe ka ƙwarai. Da ta ji zan rubuto maka, ta riƙe hannuna ta ce lallai in sa maka albishir, ka yi sadaka ka gode wa Allah, ƙaninka ya warke.

Wassalam.

Ni ce ƙanwarka,
Safinatu.